Bandir Ɗaya Ko Rabi

Litinin, 10 ga Satumba, 1979, da hantsi

Alhaji Sada mai yadi ya sake aikowa: alawayyo nawa zai ajiye mana bana? Na ce a gaya masa muna shawara. Ƙarya nake yi. Babu wata shawara da ake yi a gidan nan, ni kaɗai nake juya maganar a raina.

Tun da maigidana ya rasu na dawo gidanmu na unguwar Gobarau, sana'armu ɗaya ni da Yaya Mairo, bargon ƙyalle. Teloli su tara mana ragowar yadin ɗinkin sallah a buhu, Yaya ta yanka ta jera launi da launi, ni in haɗa a keke. Sai mu shimfiɗa auduga a tsakiya, mu yi masa shafi da alawayyon da aka rina mana shuɗi. Kowace shekara bandir guda muke saye kafin sanyi ya shigo, kuma ba ya kaiwa bazara. Alhaji Sada bai taɓa tambayarmu nawa ba, don ya sani. Bana ne ya ga ya kamata ya tambaya. Na san abin da ya sa, kuma ban ji daɗi ba.

Bandir aikin mutum biyu ne. Rabi aikin mutum ɗaya.

Laraba, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Yaya ta kurɓi koko sau biyu ta ture. Wai ya yi tsami. Bai yi tsami ba, na ɗanɗana.

Hawwa maƙwabciyarmu ta shigo. Ita dai ba ta gaisuwa ta tsaya a gaisuwa.

"Haule, ina wuni? Ina gajiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah shi ƙara sauƙi. Wai ni mi ya hana ku sayen alawayyo har yanzu? Bara war haka ai har ya dawo daga marina."

Na ce jira nake soja su miƙa wa farar hula mulki, an ce da sun hau yadi zai sauko. Ban san inda na samo maganar ba, bakina ne kawai ya kawo ta. Hawwa ta ce mijinta ya ce tashi ma zai yi, wai 'yan siyasa manyan riguna suke sawa, yadin ƙasar nan ba zai ishe su ba. Na ce to mu gani. Ta fita da maganar, kuma na san kafin magariba duk unguwa ta ji cewa Haulat ta zama mai hangen kasuwa. Gara haka.

Ni me na sani game da mulki? Abin da na sani shi ne cikin azumin nan da ya wuce mun je mun jefa ƙuri'a, karon farko a rayuwarmu. Yaya da ƙafarta ta je, ta ɗaura zanenta mai ruwan goro, tana gaba ina baya, tana yi mini faɗan nawa. Wata guda ke nan kacal.

Juma'a, 14 ga Satumba, da yamma

Mun je asibiti mun dawo. Likitan bai yi magana a gabanta ba, sai da ya kira ni waje. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Shi ma ɗan Adam ne, ba shi ya halicce ta ba.

A hanya Yaya ba ta tambaye ni komai ba. Wannan ya fi damuna.

Asabar, 15 ga Satumba, da hantsi

"Auta, miƙo mani almakashi."

Na haura hamsin, amma har yau Auta nake a bakinta. Na ce ta kwanta ta huta. Ta ce kwanciyar ce ta gajiyar da ita. Na jawo mata buhun ƙyallaye gefen gado, na tokare mata baya da matashi, ta fara yanka. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Na bar ta, tun da hannu yana son abin yi.

Ina kallonta daga bakin ƙofa. Ba ta taɓa riƙe abin awon tela ba. Da hannunta take awo, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa, kamu ke nan. Duk bargon da ya taɓa fita daga gidan nan da kamunta aka yi shi, kuma hannunta ya fi nawa tsawo. Wata shekara ta tafi biki Daura, na ce ni ma ai 'yar gida ce, na yi awo da nawa. Bargon ya fito guntu, mai shi ta dawo da shi ta ce in mijinta ya rufe kai sai ƙafa ta leƙo. Yaya ta yi shekara tana ba da labarin nan, duk baƙon da ya zo sai ya ji.

Haɗa launi ma ban iya ba. Ita za ta ɗora ja kusa da kore ka ga sun zauna lafiya, ni in na yi sai ka ce faɗa suke. Ɗinki kawai na iya. Ɗinkina kuwa ko ita ba ta kushewa.

Ban ba Alhaji Sada amsa ba.

Lahadi, 16 ga Satumba, bayan azahar

An yi ruwa. Ɗakin Yaya yana yoyo ta kusurwar gabas, na tara kwano. Ba ta ci komai ba.

Talata, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Ana wata ga wata. Bafulatanar nan ta wajen Batagarawa ta zo, wadda tun cikin azumi ta kawo mana man shanu ƙwarya guda ta ce a yi mata bargo biyu kafin babbar sallah. Na manta da ita ɗungurungum. Man ma mun cinye. Ta zauna a tabarma tana ta gaisuwa, ta leƙa Yaya, ta fito. Da za ta tafi ta ce in ba zai samu ba babu komai. Wannan "babu komai" ɗin ita ta ɓata mini rai. Na ce zai samu, wa ya ce mata ba zai samu ba?

Da ta tafi na zauna na yi tunani, na ga mafita. Ba sai na sayi bandir ba, ba sai na sayi rabi ba. In sayo na shafin bargo biyu kawai, yadi goma, in fita kunyar matar nan. Sauran kuma sai farar hula sun hau. Ban ce bandir ba balle a ce na yi ganganci, ban ce rabi ba balle a ce na fid da rai. Har na ji daɗin dabarata.

Gobe da kaina zan je. Yaya ce ke zuwa duk shekarun nan, ita ta iya ciniki. Ni in aka faɗa mini kuɗin abu kunyar tayawa nake ji.

Laraba, 19 ga Satumba, kafin azahar

Na je na dawo. Ashe har yanzu da mutanen kirki a duniya.

Na iske Alhaji Sada shi kaɗai a shago. Da ya gan ni ya miƙe, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ruwan ranar Lahadi. Sai ya ce, "Ya jikin yayar taki?"

Na buɗe baki in ce da sauƙi, kamar yadda nake ce wa kowa. Maganar ta ƙi fita. Wurin da Yaya ke zama in ta zo ciniki na gani, ɗan bencin nan na bakin ƙofa, sai kawai hawaye. A tsakiyar kasuwa, ni da girmana. Na ja gyale na rufe fuska, na ce, "Alhaji, hwari za ka yanka mani, yadi goma."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya yi salati a hankali. Ya ce, "Ai da kin aiko, Malama Haulatu. Ba ke ya kamata ki tako ba." Ya zaɓo mai kyau daga can ƙasa, ya auna, ya yanka, ya ninke da kansa. Na kwance bakin zane, ya ɗaga hannu ya ce a'a, wannan ba a biyansa a wurinsa. Ya ce Allah shi ba ni haƙuri, shekara da shekaru yana hulɗa da ita bai taɓa jin ta cuci kowa ba. Na ce amin, na gode, na taho.

Na sa yadin a kan keke. Yaya tana barci da almakashi a hannu.

Laraba dai, bayan magariba

Garin neman gira na rasa ido.

Wace irin wauta ce ta hau kaina? Mace ta shigo shago da hawaye, a tambaye ta mai jiki ta kasa magana, ta ce a yanka mata farin alawayyo yadi goma, babu ciniki. Ko yaron goye a garin nan ya san me ake yi da wannan. Likkafani Alhaji Sada ya yanka mini. Ni kuwa na riƙo shi a hammata na ratsa Gobarau da shi ina yaba kirkin mutane.

A masallaci ya faɗa, bayan sallar azahar. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, muryoyin maza ƙasa-ƙasa. Kafin in miƙe sai ga Hawwa ta faɗo da salati, mata uku a bayanta, tana cewa, "Haule, a ce katanga ɗaya ta raba mu amma sai a bakin maza zan ji?" Ba ta tsaya ta saurare ni ba, ta ɗaga labulen ɗakin Yaya.

Yaya na zaune, ƙyalle a cinya, almakashi a hannu. Ta ce, "Wa ya mutu?"

Hawwa ta ja da baya har ta taka kwanon yoyo. Matan suka dubi juna. Yaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi farin yadin da ke kan keke ta ƙofar da aka bari a buɗe, ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane. Ba zan manta da fuskar nan ba.

Sai ta yi dariya, dariyar da ta sa ta tari. Ta ce, "To, in gaisuwata kuka zo yi, ku zauna ku yi mani da kaina, in ji abin da za ku hwaɗa a bayana. Hawwa, ke ki hwara."

Su suka yi dariyar kunya. Ni ban yi ba. An ce har samari sun ɗauki diga da shebur, a hanya aka cim musu aka mayar da su.

Alhaji Sada ya zo zaure, hularsa a karkace, yana ta rantsuwa da ba da haƙuri. Na wanke shi tas. Na ce in mutum bai ji da kunnensa ba ya riƙe bakinsa. Ya tsaya ya sha. Laifina ne, na sani, shi ma ya sani, amma wani zan sauke wa. Ya ce a ba shi yadin ya mayar. Yaya ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce ba za a mayar ba.

Da kowa ya watse ta ce in kawo mata shi. Ta warware, ta fara awo da hannunta, gwiwa zuwa yatsa, gwiwa zuwa yatsa. A tsakiya ta gaji ta huta, sannan ta ƙarasa. Ta ce, "Sada bai yi ƙwauro ba. Ya ishe ni har da ragowa. Sa mani shi cikin adaka."

Na ce shafin bargon Bafulatana ne.

Ta ce, "Mutum ya ba da abu don Allah, ke ki hana shi ladanshi? Kar ki kai shi marina, Auta."

Na sa shi a adaka.

Alhamis, 20 ga Satumba, da hantsi

Na kai shi marina.

Tana barci na buɗe adakar. Almu marini ya karɓa ya jujjuya shi, bai dube ni ba. Ya ce, "Wannan ba shi ne na jiya ba?" Wato har bakin karofi labarin ya kai. Na ce rini na kawo masa, ba hira ba. Na ce ya tsoma shi ya sake tsomawa har sai ya yi shuɗin da ko an shekara ana wankewa ba zai tuna ya taɓa zama fari ba.

Ya ce akwai kayan sallah a gabana, zai daɗe, ga bugu kuma. Na ce ya daɗe ɗin, amma tsomawar farko a gabana za a yi. Na tsaya, warin baba yana hawa mini kai, har na ga farin ya nutse ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya fara juyawa. Sannan na saki numfashi.

Ba a binne mutum da shuɗi. Wannan dai na sani.

Juma'a, 21 ga Satumba, bayan azahar

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

"Kin kai?"

"Na kai."

"To. Almu ya iya rini. Amma ban taɓa jin ya ƙara wa wani kwana ba."

Daga nan ba ta sake yi mini magana ba. Na kawo ruwa ta karɓa, na kawo magani ta haɗiye, duk ba ta dube ni ba. Ƙaras, ƙaras, tun safe. Da Hawwa ta shigo kuwa sai ga baki ya buɗe, suna ta ƙus-ƙus, ina shiga su yi shiru. Hawwar da ta zo yi mata gaisuwar mutuwa ita ce ta zama ta hannun dama, ni da nake wanke mata kwano na zama bare. Na ji haushi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kishi.

Litinin, 24 ga Satumba, da safe

Ƙaras, ƙaras. Buhu guda ya ƙare, ta sa Hawwa ta jawo na biyu. Ban tambayi inda take zuba abin da ta yanka ba. Ba na son in sani. Ɓarnar ƙyalle ce kawai.

Laraba, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Ta yi mini magana. Cewa ta yi ƙafarta ta yi nauyi in matsa mata. Na matsa. Inda na danna ya daɗe bai ciko ba.

Asabar, 29 ga Satumba, da hantsi

Na yi mata wanka, na nemi zanenta mai ruwan goro in ɗaura mata ko ta ji daɗi. Babu shi a adaka. Babu zanen nan mai tsuntsaye ma, babu saƙin da Inna ta bar mata. Ta ce ta bayar. Na ce wa? Ta ce wanda ya fi ta buƙata. Hawwa na zaune, ta sunkuyar da kai tana tsintar abin da babu a tabarma.

Wato har ta fara rabon kaya. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Ban ba Alhaji Sada amsa ba. Shi ma tun ranar nan bai sake aikowa ba.

Litinin, 1 ga Oktoba, da yamma

Yau aka miƙa mulki. Tun safe rediyon gidan su Hawwa ke kururuwa ta kan katanga, tambura da jawabai. Maza sun cika bakin titi, ana ta barka da arziki, wai soja sun koma bariki. Allah ya sa alheri ne. Ni wanki na yi.

Da la'asar Yaya ta kira ni. Muryarta ta yi ƙasa, sai na matso.

"To Auta, hwarar hula sun hau. Yadi ya sauko?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ashe duk ta san zancen da nake ta yi wa mutane, kuma ta san abin da ke ƙarƙashinsa. Na ce ban tambaya ba tukuna.

Ta ce, "Sayi bandir."

Na ce in Allah ya yarda, tana samun ƙarfi mu je tare, ita ta yi cinikin.

Ta ce, "Ni ban ce mu tahi ba. Cewa na yi ki saya."

Na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ce wa zai yanka, wa zai jera, wa zai yi awo? Na faɗa da ƙarfi, har na ji kunyar kaina, ina yi wa marar lafiya tsawa. Wannan ne karon farko da na faɗi abin a gabanta, ko da ban kira sunansa ba. Ta rufe ido ta ce ni dai tun ina yarinya gardama ce abincina.

Uzurina ya ƙare yau. Ban san wanda zan ƙirƙiro gobe ba.

Laraba, 3 ga Oktoba, bayan azahar

Ja'afaru ɗanta ya zo daga Kaduna. Ya ce aikin miƙa mulki ne ya riƙe su a ofis, ba dare ba rana. Ya shiga da fara'arsa da ledar lemo, ya fito ya tsaya a zaure ya juya wa ƙofa baya. Na bar shi ya gama.

Ya ce, "Inna Haule, mi ya sa ba ki aiko mani da gaskiya ba?" Na ce na aika cewa tana jin jiki. Ya ce jin jiki daban, wannan daban. Ya ce zai ɗauke ta zuwa babban asibiti. Ta ce ba inda za ta, tana da aiki a gabanta. Ya dube ni wai in sa baki. Ni da ta daina jin maganata tun ranar marina.

Ya ce zai nemi izini ya dawo ya zauna. Allah ya sa sababbin shugabannin nasa su ba shi.

Juma'a, 5 ga Oktoba, da hantsi

Ta sa na yago mata gefen yadi, dogon siriri mai ƙarfi. Ta miƙo hannu ta ce in ɗora daga gwiwa zuwa kan yatsa, in yanke daidai. Na ce na mene ne? Ta ce kar mijin wata ya sake kwana da ƙafa a waje.

Na so in ƙi. Amma ta riga ta miƙo hannun, kuma riƙe shi a sama wahala yake ba ta. Na ɗora. Hannun ya zama fata da ƙashi, awarwaronta har gwiwa yake zamewa, amma tsawon yana nan yadda yake. Na yanke. Ta ce in ƙulle bakinsa kar ya zare, na ƙulle.

Ta ce, "Kin ga ba ki mutu ba."

Na rataye shi a jikin keke. Duk wunin ban kalli wajen ba.

Lahadi, 7 ga Oktoba, da yamma

Yau ban ji almakashi ba.

Talata, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Gida cike da mutane. Wannan karon ba kuskure ba ne.

Ja'afaru ya dawo, shi ne ya je wurin Alhaji Sada sayo farin yadi.

Alhamis, 11 ga Oktoba, da hantsi

Ana cikin sadakar uku sai ga saƙon Almu. An rina, an buga, yana ta ƙyalli, shuɗi mai duhu yadda na ce. Ya yi aikinsa, ba ni da abin cewa. Na karɓa a gaban mata, kowa ta san wane yadi ne. Hawwa ce ta karɓe shi daga hannuna ta kai ɗaki.

Yaya ta roƙe ni abu ɗaya, in bar mata shi fari. Ban bari ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba, da safe

Shirun gidan nan ya yi yawa. Da can ƙarar almakashi ke hana ni sakat.

Laraba, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi bakwai, baƙi sun watse, Ja'afaru ya koma. Sallah ta matso, ga alkawarin Bafulatana. Da hantsi na ɗauki gyale na tafi kasuwa.

Alhaji Sada ya yi mini gaisuwa, na amsa. Na ba shi haƙurin abin da na faɗa masa a zaure, ya ce shi bai ma ji ba. Yadi bai sauko ba, bai kuma tashi ba, yana nan inda soja suka bar shi. Bai tambaye ni nawa ba, ya tsaya kawai yana jira. Na ce, "Rabi." Ya auna ya yanke, ya mayar da ɗaya rabin kan kanta.

Ina shigowa gida Hawwa ta biyo ni. Ta dubi abin da ke kaina ta ce, "Rabi kika sawo."

Na ce eh, sai aka yi yaya?

Ta ce, "Haka ta ce za ki yi. Ta ce in kin sawo bandir in yi shiru, kya gani da kanki ranar shara. In kin sawo rabi, in kama hannunki in kai ki."

Ta kai ni ɗakin Yaya, ɗakin da tun ranar ban wuce bakin ƙofarsa ba. Ta durƙusa ta fara jawo abubuwa daga ƙarƙashin gado. Ƙunshi ne, kowanne an ɗaure shi da tsumma. Na kwance ɗaya. Ƙyallaye ne yankakku, bargo guda cif, an jera su bi da bi yadda za a ɗinka, na sama shi ne kusurwar farko, ja kusa da kore sun zauna lafiya. Ba sai na yi awo ba, ba sai na zaɓi launi ba. In ɗauka in ɗinka kawai.

Hawwa tana jawowa, tana jawowa. Na fara ƙirgawa na bari. Sun cika tsakar ɗakin har bakin ƙofa. Rabin bandir ba zai yi musu shafi ba, bandir ɗin ma da ƙyar. Wannan ne ƙaras ƙaras ɗin da na kira ɓarnar ƙyalle.

Na ƙarshe yana can lungu, ya fi sauran laushi. Tun kafin in kwance na ga ruwan goro yana leƙowa. Ga mai tsuntsaye, ga saƙin Inna, duk an yanka an jera. Hawwa ta ce, "Wannan ta ce naki ne, ba na sayarwa ba. Ta ce ki yi mashi shahi da shuɗin nan da kika yi taurin kai a kanshi, tun da dai kin ɓata mata shi."

Na zauna a ƙasa cikin ƙunshin nan na yi kukan da ban yi ba ranar Talata. Hawwa ta ja mini labule ta fita.

Gobe da safe zan koma in karɓo ɗaya rabin kafin a sayar wa wani. Alhaji Sada zai yi mamaki, jiya rabi yau kuma rabi. In ya tambaya zan ce masa Yaya ce ta aiko ni.